Ɗana, Ran Yaranka Amana Ne a Hannunka

Wannan magana da kai nake, kai da Allah ya ɗora a kan mutane a wurin aiki, ko kai manaja ne a Kalambaina, ko maigidan gareji a Kwannawa, ko mai rumfar walda a bakin titi, ko ɗan kwangilar da ke tada bene a Arkilla ko Mabera. Ke ma 'yata da kike shugabantar ma'aikatan jinya a ɗakin marasa lafiya, matso kusa, har da ke nake. Ko yaro ɗaya gare ka mai miƙo maka sufana, kai shugaba ne, kuma akwai ranar da za a tambaye ka a kansa.

Abu guda nake so ka riƙe daga bakina. Ma'aikaci ba ya bin allon gargaɗin da aka kafa a bakin ƙofa, maigidansa yake bi. Kana iya rubuta dokokin kariya shafi goma, ka manna su a kowane bango, ka sayo hular kwano da safar hannu ka cika sito da su. Idan yaranka suka lura cewa abin da ke faranta maka rai shi ne a gama aiki da wuri ko ta halin ƙaƙa, to wannan ita ce dokar da za su bi, sauran kuwa ado ne. Hausawa sun ce inda saniyar gaba ta sha ruwa, nan ta baya ke sha. Duk wurin aikin da ka shiga ka tarar ana wasa da rai, kada ka ɓata lokaci wajen zargin leburori. Nemi wanda ke sama da su, a nan amsar take.

Wannan darasi ba baƙo ba ne a Sakkwato. Muhammadu Bello ɗan Shehu, wanda ya kafa birnin nan a 1809, ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje littafin Usulus Siyasa, kuma a ciki ya sanya kula da masu sana'a, irin su manoma da maƙera da maɗinka da marina, cikin nauyin da ke wuyan shugaba. Su kansu masu sana'ar suna da nasu tsarin. Je ka Maƙera Assada ka tambayi dattawan da suka gaji uwar maƙera daga iyayensu yadda ake karɓar sabon yaro. Ba a miƙa masa awartaki da jan ƙarfe ranar farko. Da zuga yake farawa, yana kallo, sai an ga hankalinsa ya zauna kafin a matsar da shi gaba. Uban da ya kawo ɗansa koyon sana'a kuwa, kalma ɗaya yake faɗi idan zai juya: ga amana nan. Maigidan ya san abin da ya karɓa. Idan yaron ya ƙone, shi ne zai tafi gidansu da kansa ya yi bayani, kuma unguwa duka za ta ji.

Abin da ya sauya shi ne kayan aiki da yawan mutane. Kamfanin siminti na Kalambaina, wanda aka kafa a 1962 zamanin Sardauna Ahmadu Bello, ya kuma fara aiki a 1967, yau ya zama babbar masana'antar da motoci ke shiga da fita dare da rana. A cikin gari ga injin walda, ga tukunyar gas, ga janareto, ga injin yankan katako, ga benaye masu hawa uku da huɗu inda dā soro ɗaya ake yi. Wutar maƙera tana ƙona hannu mutum ya warke ya ɗauki darasi. Wutar lantarki da fetur da faɗowa daga saman bene sau da yawa ba sa barin mutum ya yi kuskure na biyu. Haɗari ya ƙaru, amma amanar da dā ake damƙawa hannu da hannu ta yi sako-sako, domin yanzu maigida na iya samun leburori hamsin bai san sunan goma ba.

Ka sani, ɗana, yaranka suna karanta ka fiye da yadda kake tsammani, kuma abu uku suke dubawa. Suna duba jikinka: idan ka shigo wurin gini da silifa da hular zanna kana faɗa a kan hular kwano, sun gane cewa hular kwano ta talaka ce, duk wanda ya girma zai yar da ita. Suna sauraren tambayar da ka fara yi idan ka iso. Maigidan da kullum bakinsa ke buɗewa da "ina aka kwana, yaushe za a gama?" ya riga ya faɗa musu abin da ya dame shi. Na uku, kuma shi ne mafi nauyi, suna jiran su ga abin da za ka yi ranar da aka matsu. Mai mota ya tsaya a kanka yana huci, ko mai gini ya ce gobe zai zo da baƙi, ga shi tsanin ya tsage ko jak ɗin yana zamewa. Idan ranar nan ka ce "ku lallaɓa haka nan", ka rushe duk wa'azin da ka yi a shekara. Idan kuwa ka ce a tsaya sai an gyara, ko da za ka yi asarar ciniki, ba sai ka sake dogon jawabi ba.

Masana ma da suka auna abin, nan suka tsaya. A 1980 wani mai nazarin halayyar ma'aikata, Dov Zohar, ya binciki masana'antu 20 a Isra'ila, ya gano cewa yadda ma'aikata ke ganin shugabanninsu sun ɗauki zancen kariya yana cikin manyan abubuwan da ke bambanta masana'anta mai kiyayewa da mai sakaci. A wani gwajin da ya wallafa a 2002, maimakon a tara leburori ana yi musu lacca, sai aka riƙa nuna wa masu kula da su, mako-mako, sau nawa suka yi wa yaransu zancen kariya a bakin aiki. Da zancen ya yawaita a bakin shugabanni, masu sa abin toshe kunne suka ƙaru, ƙananan raunuka suka ragu. Leburorin nan su ne dai na jiya, abin da ogansu ke tambaya ne ya sauya.

Ba sai mun tafi nesa ba kafin mu ga tsadar wannan al'amari. A watan Maris na 2022, gobara ta tashi a wurin ajiye man dizal na kamfanin simintin BUA da ke Kalambaina, ma'aikata uku suka rasu. Kamfanin ya bayyana cewa abin ya faru ne lokacin da wani ɗan kwangila ke aikin gyara a ɗaya daga cikin tankunan. Allah ya jiƙansu. Ban kawo maka wannan don in ɗora wa kowa laifi ba. Na kawo shi ne don ka ga cewa idan irin wannan na iya faruwa a wurin da ke da injiniyoyi da jami'an kariya, to ina ga rumfar da ake walda tankin mota ko durom ɗin fetur da rana tsaka? Yaro ɗan koyo yana ganin tankin da aka juye mai ba shi da haɗari tunda babu komai a ciki. Kai ne ya kamata ka koya masa cewa tururin da ya saura a ciki, idan ya gauraya da iska, tartsatsi ɗaya yake jira. Shi ya sa a masana'antun da suka san abin da suke yi, ba a kusantar tanki da wuta sai an juye shi, an wanke, an bar iska ta ratsa, an auna da na'ura, wani babba ya sa hannu a takarda, sannan an tsayar da mutum ɗaya riƙe da abin kashe gobara ba ya wani aiki sai kallo. Kowane mataki a cikin waɗannan yana cin lokaci da kuɗi, kuma lebura ba shi da ikon ba da lokacin nan. Shugaba ne kaɗai ke iya cewa a jira.

Na san abin da ake cewa idan abu ya faru. Tsautsayi ne. Kwana ya ƙare. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mun yi imani da ƙaddara mai daɗi da marar daɗi, kuma waɗannan kalmomi suna sanyaya zuciyar wanda aka yi wa rashi. Amma a bakin maigidan da ya san wayar wutarsa a huje take wata uku bai canza ba, sun zama mafaka. Malamanmu sun karantar da mu cewa sai an ɗaure raƙumi ake tawakkali. Sun kuma karantar da mu cewa shari'a ba ta wofintar da ran da ya salwanta ta hanyar kuskure ba: ta ɗora diyya, ta ɗora kaffarar azumin wata biyu a jere. Idan wannan ne hukuncin wanda hannunsa ya kuskure ba da nufi ba, yaya kake ganin matsayin wanda aka gargaɗe shi ya toshe kunne? Ka je ka tambayi malaminka wannan mas'ala tun kafin ta zo ƙofarka. Kai da kake garin Shehu, bai dace ka ɗauki addini ka rufe sakacinka da shi ba.

Manyan masifun wurin aiki kusan duk suna aiko da saƙo kafin su iso, sai dai a samu wanda ya ƙi karantawa. A Bangaladash, ranar 23 ga Afrilu 2013, an ga tsagewa a ginin Rana Plaza mai hawa takwas. Bankin da ke ƙasa da masu shaguna suka rufe suka tafi. Masu ɗinkin tufafi da ke saman kuwa aka umarce su su dawo aiki washegari, har da barazanar riƙe albashi. Ranar 24 ginin ya rufta, mutum 1,134 suka mutu. Masu ɗinkin nan sun ga tsagewar da idonsu, tsoron maigida ne ya rinjayi tsoron mutuwa. A nan gida Najeriya, ranar 1 ga Nuwamba 2021, bene mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi ta Legas ya rushe, mutum fiye da 40 suka rasu, har da mai ginin. Tun a 2020 kamfanin injiniyoyin da ke lura da ƙarfin ginin ya rubuta takarda ya zare hannunsa daga aikin. Ka lura da wannan da kyau: rufin da ya danne lebura bai tsallake maigida ba.

Ga kuma ɗaya ɓangaren. A 1987 aka naɗa Paul O'Neill shugaban kamfanin Alcoa mai sarrafa alminiyam a Amurka. Masu hannun jari sun taru su ji zancen riba, sai ya tashi ya yi musu zancen lafiyar ma'aikata. Ya kafa doka cewa duk ma'aikacin da ya ji rauni a kowace masana'antar kamfanin, dole labari ya iso gare shi cikin awa 24, tare da bayanin abin da za a yi don kada a sake. Ya ba leburori lambar wayarsa ya ce su kira shi idan manajojinsu sun ƙi gyara abin da ke da haɗari. Da wani babban jami'i ya ɓoye labarin abin da ya faru a masana'antarsu ta Meziko, ya sallame shi duk da ƙwazonsa. Lokacin da ya karɓi kamfanin, raunin da ke hana zuwa aiki ya kai 1.86 a cikin kowane ma'aikata 100 a shekara. Kafin ya bari ya sauko zuwa 0.2, ribar kamfanin kuma ta ninka kusan sau biyar. Dalili a fili yake: wurin da ake gyara inji kafin ya cinye hannun mutum, a nan ne kuma inji ba ya tsayawa, kaya ba sa lalacewa.

Za ka ce da ni, Baba, wannan kamfanin Turawa ne, ni kuwa rumfa gare ni da yara shida. To ai abin da mutumin nan ya yi ba kuɗi ne jigonsa ba. Bari in faɗa maka abin da kai ma za ka iya tun gobe da safe.

Fara da kanka. Sa tabaran walda kafin ka kunna inji, ko da ɗigo ɗaya za ka yi. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da ke kan jak kaɗai ba a tokare ta ba, ko da minti ɗaya ne. Ke 'yata, wanke hannunki ki sa safa a gaban ɗalibanki, ki jefa allura cikin akwatinta nan take, kada ki mayar mata da murfi. Ranar da kika yi gajeriyar hanya a gabansu, kin ba su izinin yin ta har su yi ritaya.

Sannan ka sayi kayan kariya da kuɗinka, kada ka cire daga ladan yaro. Ka kuma sayi irin wanda mutum zai iya sawa a garin nan. A watan Afrilu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40. Idan ka ba lebura rigar leda mai kauri da takalmin da ya matse shi, zai cire da zarar ka juya baya, kuma ba taurin kai ba ne. Tambaye shi me ya hana shi sawa, za ka ji abin da ba ka sani ba. Ka tuna kuma cewa hula da safa su ne katanga ta ƙarshe. Abin da ya fi su shi ne ka kawar da haɗarin tun daga tushe: ka canza wayar da ta huje, ka mayar wa injin niƙa murfin bel ɗinsa, ka kafa shinge a bakin bene, ka fitar da jarkar fetur daga inda ake walda, ka nisanta janareto daga ɗakin da mutane ke ciki. Waɗannan duka hukuncin mai wuri ne, yaro ba ya iya yanke su.

Ka duba yadda kake biyan mutane da yadda kake tsara lokaci. Idan jinga ka bayar, ka ce sai an ɗora bulo kaza kafin a ga kuɗi, kai da kanka ka sayi gaggawa, kuma sauri yakan haifi nawa. Mutumin da ladansa ya rataya a kan yawan abin da ya ɗauka ba zai tsaya ɗaure tsani ba. A bazara ka sa a fara aiki mai nauyi da sassafe, a huta idan rana ta take, a ajiye ruwa a inuwa. Cikin azumi ka rage nauyi, ka guji tura mutum saman kwano bayan azahar. Direban da ka sa ya taso daga Legas ko Kano bai runtsa ba, ka ce ya juya da asuba, idan barci ya sace shi a hanya, kai ne ka ba barcin mabuɗin mota.

Abu na gaba ya fi sauran wuya, domin ya shafi tarbiyyarmu. Mun taso da kunya da girmama na gaba, kuma abu ne mai kyau. Sai dai yaron da aka koya wa kada ya ɗaga ido ya dubi babba, da wuya ya ce "maigida, wannan katakon ba zai ɗauke mu ba". Zai hau ne yana addu'a. Aikinka ne ka buɗe masa baki. Ka faɗa a gaban kowa cewa duk wanda ya ga haɗari yana da izinin tsayar da aiki, kuma ranar da ƙaramin cikinsu ya gwada, ka yi masa godiya a bainar jama'a ko da ya zamana bai yi daidai ba. Idan ka harare shi sau ɗaya, ba shi kaɗai ka rufe wa baki ba. Haka nan idan abu ya kusa faruwa Allah ya kiyaye, guduma ta faɗo ta wuce kan mutum da kamu ɗaya, kada a tsaya ga dariya da "Allah ya tsare". A zauna minti biyar a tambaya: me ya sa ta faɗo, me za a gyara yau? Maigidan da ke zagin wanda ya kawo masa mummunan labari, daga baya labari mai daɗi kaɗai zai riƙa ji, har ranar da zai ji kururuwa.

Ka yi adalci wajen horo. A kusan kowane wurin aiki akwai gwani ɗaya da ya fi kowa iyawa, ya kuma fi kowa raina doka. Shi ne mai cewa "mu mun saba, shekara ashirin muna yi ba abin da ya same mu". Akwai kuma ɗan'uwan maigida da ba a iya yi wa faɗa. Idan ka tsawata wa sabon yaro ka kau da kai ga waɗannan biyun, yara za su gane cewa ƙwarewa ita ce a yi walda ido tsirara. Fara da gwanin. Ka keɓe shi, ka girmama shi, ka nuna masa cewa yara shi suke kwaikwayo, ka ɗora masa nauyin koya musu. Idan ya ƙi, ka zaɓi ran yaranka a kan gwanintarsa.

Kada ka manta da waɗanda ba sa cikin littafin albashinka: ɗan kwangila, leburan da aka ɗauko da safe a bakin titi, mai sharar asibiti, almajirin da ke taya wankin kayan inji. Su ne suka fi kowa rashin sanin wurin, su ne kuma aka fi tura wa aikin da ba wanda ke so. Duk wanda ya taka cikin shingenka yana aiki don amfaninka, amanarka ne, ko takarda ta faɗa ko ba ta faɗa ba.

Akwai kuma cutar da ba ta zubar da jini, don haka ba a ganin ta. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa kusan mutum miliyan uku ke mutuwa duk shekara sanadiyyar aiki. Daga ciki, kimanin 330,000 ne na haɗari. Sauran wajen miliyan 2.6 cututtuka ne masu cin mutum a hankali. Ƙurar siminti da ta dutse tana taruwa a huhu, ƙarar inji tana cinye ji, hayaƙin fenti da ruwan batir suna shiga jiki. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga wannan a 2010, lokacin da masu haƙar zinariya a yankunan Anka da Bukkuyum suka riƙa kai dutse cikin gidaje ana niƙawa, gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400. Iyayen ba su san abin da ke cikin ƙurar ba. Likitocin ƙungiyar MSF sun yi magani, amma sai da sarakuna da masu unguwanni suka sa baki aka fitar da niƙan daga cikin gidaje. Saboda haka ka tanadi takunkumi, ka sa a yayyafa ruwa inda ƙura ke tashi, ka hana yaranka komawa gida da kayan aiki a jikinsu su rungumi 'ya'yansu.

Hukuma ma ta ɗora maka nauyi. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta killace injuna masu haɗari, samar da iska da ruwan sha da akwatin taimakon farko, da kai rahoton haɗari ga jami'an duba masana'antu. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ce mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun hukumar NSITF, don a samu abin biyan wanda ya ji rauni ko iyalin wanda ya rasu, kuma ba a yarda a cire kuɗin daga albashin ma'aikaci ba. Ka bi wannan. Amma kada ka jira sai jami'i ya zo, domin jami'i baƙo ne na rana ɗaya, kai kuwa kullum kana nan.

Ina kuma kira ga shugabannin ƙungiyoyin sana'a, na makanikai da masu walda da direbobi da 'yan kasuwa. Kuna da ikon da hukuma ba ta da shi, domin kuna iya hana mutum rumfa, kuna iya cin sa tara, kuma yana jin kunyarku. Duk wanda ya ga gobarar da ta cinye babban sashe na Sabuwar Kasuwar Sakkwato a watan Janairu 2021 ya san abin da wuta ke yi wa dukiyar shekaru cikin 'yan awoyi. Ku ne za ku iya cewa ga inda za a ajiye janareto, ga wanda aka yarda ya ja wayar wuta, ga hanyar da ba za a toshe da kaya ba don motar 'yan kwana-kwana ta samu wucewa. Yadda kuke tara kuɗin biki da na ta'aziyya, ku tara na abin kashe gobara, ku kuma koya wa mutane amfani da shi.

Kai kuma ɗana ma'aikaci, idan wannan takarda ta faɗo hannunka, nauyin da na ɗora wa maigidanka bai sauke naka ba. Idanunka biyu ne, ba a sayar da na uku a kasuwa. Sa abin da aka ba ka, faɗi abin da ka gani cikin ladabi, kuma ka riƙe halin kirki tun yanzu, domin gobe kai ne maigidan wani.

Ɗana mai shugabanci, gobe idan ka isa wurin aiki, kafin ka tambayi inda aka kwana, zagaya da ƙafarka ka duba waya da tsani da tukunyar gas. Kira mafi ƙanƙanta a cikin yaranka ka tambaye shi abin da ke ba shi tsoro a aikin nan, ka saurare shi har ya gama, sannan ka gyara abu ɗaya a ranar, a gaban idonsa. Ka maimaita haka jibi da gata har ya zama ɗabi'arka. Mutanen nan sun bar iyaye da mata da 'ya'ya a gida sun zo neman halal a hannunka, haƙƙinsu ne su koma da yamma da gaɓoɓinsu cikakku. Allah ya ba ka ikon sauke wannan amana, ya tsare ka da su baki ɗaya.